Shekaruna a Sashen Kula da Ma'aikata

Ban shiga aikin kula da ma'aikata don ina sha'awarsa ba. Na rubuta takardar neman aiki zuwa wata masana'anta da fatan a sa ni a sashen kuɗi, domin lissafi na karanta, sai aka ce gurbin da ya rage na akawu ne a ofishin ma'aikata, ni kuma a lokacin ba ni da halin zaɓe, na karɓa na gode wa Allah. Aikina shi ne riƙe rajistar zuwa da tashi, lissafin ranakun hutun kowa, buga takardun tuhuma ga waɗanda suka makara ko suka yi fashin aiki, da jera fayil-fayil a cikin kabad. Ofishinmu yana can ƙarshen baranda, kuma babu mai zuwa wurinmu da son ransa. Idan masinja ya shiga ɗakin injuna ya ce da mutum ana nemansa a ofishin ma'aikata, abokan aikinsa sukan bi shi da kallon tausayi, domin kowa ya san kira daga wurinmu ba ya wuce tuhuma, yankan albashi ko sallama.

Shugaban sashenmu dattijo ne da ya kusa ritaya, Allah ya jiƙansa da rahama. Wata rana ya tarar da ni ina goge ƙurar fayil-fayil, ya tsaya yana kallona, can ya ce: "Ɗana, ka san sunayen mutanen nan duka, amma ko za ka iya nuna mini fuskar goma daga cikinsu?" Na ce: "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba." Daga ranar ya ɗora mini zagaya masana'antar kowace safiya kafin in zauna a kujerata, in gaisa da mutane, in tsaya in ga yadda suke aikinsu, kuma ya gargaɗe ni kada in riƙe takarda ko biro a hannuna, don kada su ɗauka laifi nake farauta.

A wannan zagayen na lura da abin da rajista ba ta taɓa nuna mini ba. Sashen ɗaure kaya na aikin dare kullum cike yake da sababbin fuskoki. Mukan ɗauki matasa, kafin su cika wata uku sun gudu, mu sake ɗaukar wasu, kuma bayanin da manyan kamfanin suka gamsu da shi shi ne cewa yaran yanzu ba su da juriya. Wata safiya wani saurayi ya zo ofis ya ajiye katin shaidarsa da rigar aikinsa a ninke a kan teburina, ya juya zai fita. Na roƙe shi ya zauna. Ya daɗe yana murza yatsunsa kafin ya ce: "Yallaɓai, wallahi ba aikin ne ya fi ƙarfina ba. Ranar da na fara, babu wanda ya nuna mini yadda ake kunna injin ko yadda ake tsayar da shi, da na ɓata kaya sai aka zage ni a gaban jama'a. Ana canza mana ranakun aiki ba sanarwa. Ga shi wata ya ƙare, kowa ya karɓi albashi, ni an ce sunana bai shiga ba." Na bi sawun maganarsa na tarar gaskiya ce, domin takardun sabon ma'aikaci sukan daɗe suna yawo tsakanin ofisoshi har a rufe lissafin albashin watan, ta yadda kusan duk wanda aka ɗauka bayan tsakiyar wata sai ya yi aikin makonni masu yawa aljihunsa babu ko sisi.

Daga nan na riƙa zama da duk wanda zai bar aiki ina jin dalilinsa, kuma karatun lissafin da na ɗauka ya tashi a banza sai ga shi ya yi mini rana. Na tattara abin da kamfani yake kashewa a kan kowane mutum ɗaya da ya tafi: kuɗin talla, ranakun da manajoji suke ɓatawa wajen ganawa da masu neman aiki, gwajin lafiya, riga da takalmi, kayan da sabon hannu yake lalatawa, da kuɗin ƙarin lokaci da ake biyan tsofaffin ma'aikata don su cike giɓin. Shugabana ya duba takardar, ya kama hannuna har ofishin babban manaja. Mun sha kai masa koke-koken ma'aikata a baya yana cewa za a duba, amma ranar da ya ga asarar a rubuce da alƙaluma bai bar mu mun fita ba sai da ya kira shugaban sashen kuɗi. A cikin watan aka tsara cewa kowane sabon ma'aikaci zai yi makonsa na farko a hannun wani gogagge da za a ƙara wa ɗan alawus saboda koyarwa, a riƙa manna jadawalin aiki tun kafin mako ya kama, kuma duk wanda ya fara aiki a biya shi a ƙarshen watan ko da kwana uku ya yi. A kan wannan na ƙarshen ni ban ga abin jayayya ba tun asali, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ɗan ƙwadago ladansa tun kafin guminsa ya bushe.

Wannan ya sa na shiga karatun yamma a fannin, kuma a can na gane cewa matsalar da ta hana ni barci ta daɗe da hana manyan masu masana'antu barci. A shekarar 1913, lokacin da Henry Ford ya kafa layin haɗa motoci mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park a Amurka, aikin ya zama maimaita abu guda daga safe har yamma, mutane suka riƙa guduwa, har ta kai kamfanin ya ɗauki sama da mutum 50,000 a shekara guda don kawai ya riƙe gurabe kimanin 14,000. A watan Janairun 1914 sai ya ɗaga ladan yini daga dala 2.34 zuwa dala 5, ya rage lokacin aiki daga awa 9 zuwa 8, guduwar ma'aikata ta ragu ƙwarai. Mutane da yawa suna ba da wannan labari a matsayin karamci, ni kuwa lissafi nake gani a cikinsa, kuma ban ga aibu a hakan ba, domin kyautatawar da aka gina a kan lissafi ta fi daɗewa a kan wadda ta dogara da halin mai gida na ranar. Abin da nake ƙi a labarin shi ne sharaɗin da ya biyo baya: wani kaso na kuɗin ba a ba mutum sai masu binciken kamfani sun je gidansa sun duba tsaftarsa, da yadda yake kashe kuɗinsa, da ko yana shan giya. Tun daga lokacin da na karanta wannan na sa wa kaina iyaka, cewa abin da ya shafi aikin mutum nawa ne in bincika, abin da ke cikin gidansa kuma ba huruminmu ba ne sai idan shi ya kawo mana.

Tun kafin Ford akwai masu ƙoƙari. Robert Owen, wanda ya karɓi ragamar masaƙar New Lanark a Sikotilan a 1800, ya daina ɗaukar yaran da ba su kai shekara 10 ba, ya buɗe musu makaranta, kuma a 1817 ya yi kira da a raba yini gida uku: awa 8 na aiki, 8 na shaƙatawa, 8 na hutu. Sai bayan fiye da shekara 100, a 1919, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta mayar da awa 8 a yini da 48 a mako yarjejeniyarta ta farko ga masana'antu. A Ingila kuma, masu kula da jin daɗin ma'aikata, akasarinsu mata, suka haɗu a birnin York a 1913 suka kafa ƙungiyar da ta zama CIPD ta yau, wato ƙungiyar ƙwararrun masu aikin kula da ma'aikata ta Birtaniya. Ke nan sana'armu daga tausayi ta faro. A ɗaya ɓangaren akwai Frederick Taylor, injiniya Ba'amurke da ya riƙa tsayawa a kan lebura da agogo yana auna kowane motsinsa, wanda ya ba da labarin yadda ya sa mai ɗaukar ƙarfe ya tashi daga tan 12 da rabi zuwa tan 47 a yini. Daga gare shi muka gaji bayyana aikin kowa a rubuce, da zaɓen wanda ya dace da aikin, da horar da shi, kuma daga gare shi wasu suka gaji kallon ma'aikaci a matsayin hannu da ƙafa da ba a bukatar tunaninsa.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne wanda aka yi a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Chicago, tsakanin 1924 da 1932. Sun fara ne da neman sanin ko ƙarin hasken fitila yana ƙara yawan aiki, suka ƙare da zama da ma'aikata sama da 20,000 suna sauraronsu. A wani ɗaki na maza 14 sun tarar cewa ma'aikatan sun tsayar wa kansu iyakar abin da za su yi a yini, duk wanda ya wuce ta sai 'yan uwansa su takura masa, duk da cewa ƙarin aiki yana nufin ƙarin kuɗi, saboda suna tsoron idan suka nuna iyawarsu za a ɗaga musu ma'auni ko a rage wasu. Masana sun soki hanyoyin wannan bincike daga baya, kuma suna da hujja, amma wannan ɗakin na maza 14 na gan shi da idona a kowace masana'antar da na yi aiki. Duk tsarin lada da aka zana a ofis ba tare da sanin abin da ma'aikata suke tsoro ba, a takarda yake ƙarewa.

Bayan dattijon nan ya yi ritaya, na yi ta hawa a hankali har aka ba ni sashen. Ginshiƙan aikin ba ɓoyayyu ba ne: a san mutum nawa ake bukata da irin ƙwarewarsu, a ɗauke su, a horar da su, a auna aikinsu, a biya su daidai, a hukunta mai laifi bayan an ji ta bakinsa, a sallami wanda lokacinsa ya yi cikin mutunci. A cikinsu babu wanda ya jawo mini baƙin jini kamar ɗaukar aiki. Da zarar an ji akwai gurbi, sai ƙananan takardu su fara sauka a teburina daga manya na ciki da na waje, kowa da ɗansa ko ɗan amininsa. Hanyar da na samu ta kare kaina da kamfani ita ce tsari: kowane mai nema a yi masa tambayoyi iri ɗaya a gaban mutum uku, kowa ya ba da makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, sannan a ba shi ainihin aikin ya gwada, makaniki ya kwance inji ya ɗaura, akawu ya daidaita lissafin da aka dagula da gangan. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter sun tattara binciken shekara 85 a kan zaɓen ma'aikata, suka nuna cewa gwajin aiki da ganawa mai tsari sun fi hira ta kara-zube nuna wanda zai iya. Wani darakta ya taɓa ce mini: "Malam, yaron nan nawa ne, ka san abin da ya dace." Na ce: "Ranka ya daɗe, zan sa shi a gwaji kamar kowa, idan ya ci ni zan kawo maka takardarsa da hannuna." Bai ci ba, daraktan ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska, amma bai sake aiko mini da kowa ba.

Jarrabawa mafi girma ta zo lokacin da hukumar daraktoci ta yanke shawarar sayen sababbin injuna masu aiki da kwamfuta. Ba a kira ni taron ba. Bayan an gama aka turo mini jerin sunaye, aka ce in shirya takardun sallamar kusan rabin ma'aikatan wani sashe, domin injunan ba sa bukatar hannaye da yawa. Na nemi a ba ni lokaci kaɗan, na samo bayanan injunan daga wurin injiniyoyi, na zauna na rubuta irin ƙwarewar da kowanne yake bukata, sannan na bincika ko akwai masu ita a kasuwar aiki. Na tarar ba su da yawa, kuma waɗanda ake da su albashinsu ya ninka abin da kasafinmu zai ɗauka. Wato ana shirin korar mutanen da suka san kayanmu ciki da waje, a kawo injunan da babu mai sarrafa su.

Da na samu shiga wurin daraktoci, na ba su labarin masana'antar motoci ta Fremont a Kalifoniya. Kamfanin General Motors ya rufe ta a 1982, lokacin da ta yi ƙaurin suna wajen yajin aiki da rashin ingancin mota, kuma kusan kashi 20 cikin 100 na ma'aikata ba sa zuwa aiki a kowace rana. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, akasarin waɗanda aka ɗauka kuma tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka ce ba su da amfani, aka tura ɗaruruwansu Japan suka koyi aiki, aka kasa su ƙananan rukunoni, aka ba kowane ma'aikaci ikon jan igiya ya tsayar da layi idan ya ga matsala. Fashin aiki ya sauka ƙasa da kashi 5 cikin 100, motocin da suke fitarwa kuma suka shiga sahun mafi inganci a duk masana'antun General Motors. Mutanen ba su canza ba, ginin bai canza ba, yadda ake tafiyar da su ne ya canza. Na ce da su mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutanen da ke cikin wannan jerin su suka san inda kayanmu suke lalacewa. Na ajiye musu lissafi biyu gefe da gefe, na kora da ɗaukar sababbi, da na horar da waɗanda muke da su, tare da wata nawa kowanne zai ɗauka kafin injunan su fara kawo riba.

Sun amince da horarwa, amma ba duka aka tsira ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Mun zauna da shugabannin ƙungiyar ƙwadago muka amince a kan gwaji ɗaya ga kowa, wasu suka ci aka tura su horo, wasu aka mayar da su wasu sassa, wasu kuma babu yadda aka iya. Na ƙi yarda a ba masinja takardunsu. Kowanne na kira shi ofis na gaya masa da bakina, kuma na tabbatar haƙƙoƙinsa da garatutinsa sun shiga hannunsa kafin ranarsa ta ƙarshe. Akwai wani dattijo da ya girme ni nesa ba kusa ba, wanda idanunsa suka yi rauni har ba ya iya karanta allon injin. Ya saurare ni har na gama, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce: "Ɗana, na san ba kai ka yanke ba. Abin da nake roƙo, injin nan na uku yana da wata ƙara da yake yi kafin ya tsaya, ka sa wani yaro ya zo in nuna masa kafin in tafi." Na ce: "Baba, in sha Allahu gobe da safe zai zo." Daga baya mun ɗauke shi kwantiragi na ɗan lokaci yana koyar da matasa, kuma daga lamarinsa muka kafa ƙa'ida cewa duk wanda ya kusa ritaya a haɗa shi da magaji tun da sauran lokaci.

Ana yawan tambayata ko ni na ma'aikata ne ko na kamfani. Kamfani ne yake biyana, kuma ban taɓa yaudarar ma'aikaci da cewa ni lauyansa ba ne. Amma amfanina ga kamfani ya dogara ne a kan ma'aikata su yarda cewa abin da suka gaya mini ba zai zama makamin cutar da su ba, kuma abin da na gaya musu gaskiya ne ko da ɗaci. Ranar da suka daina gaya mini gaskiya, daraktoci za su riƙa yanke shawara a cikin duhu. Dave Ulrich na Jami'ar Michigan ya bayyana a 1997 cewa mai wannan aiki yana da fuska huɗu: abokin tsara manufar kamfani, ƙwararre a harkar gudanarwa, mai kare muradun ma'aikata, da jagoran sauyi. Na ga abokan sana'a da yawa sun rungumi ta farko saboda ita ce mai daraja, sun yi watsi da ta biyu da ta uku, alhali wanda albashi yake makara a hannunsa, ko fayil ɗin fanshon mutane yake ɓacewa a ofishinsa, babu daraktan da zai saurare shi a kan manufa, babu kuma ma'aikacin da zai amince masa.

Tun daga lamarin injunan nan ba a sake yin taron tsara shekara ba tare da sashenmu ba. Da maganar buɗe reshe na biyu ta taso, an zo taro da ranar buɗewa a rubuce, wadda aka gina a kan lokacin da za a gama gini a kafa injuna. Na gabatar da tawa takardar: masu gyaran lantarki nawa ake bukata, nawa muke da su, su wa za a ɗauko daga tsohon reshe ba tare da an durƙusar da shi ba, wa zai gaje su, da tsawon lokacin da sabon ɗauka yake bukata kafin a bar shi da inji shi kaɗai. Lissafin ya nuna cewa horar da mutanen zai fi kafa injunan daɗewa da watanni. An yi muhawara mai zafi, shugaban sashen kasuwanci ya nuna irin cinikin da za a rasa idan aka jinkirta, kuma maganarsa tana da nauyi. A ƙarshe aka ɗaga ranar buɗewar, aka ba mu izinin fara ɗaukar masu koyon aiki tun ana zuba harsashin ginin, kuma rukunin farko suna tsohon reshe yanzu haka, kowanne a hannun gogaggen da zai koya masa.